Nusaiba da Alamar Kakanta

Tun Nusaiba tana 'yar mitsitsiya take da naci a kan ruwa. A ƙauyensu na bakin tafkin Kainji, tafiyar rabin awa a babur daga Wara, sa'o'inta mata suna koyon gyaran kifi da ƙyafa shi, ita kuwa tambaya ta sa a gaba. Me ya sa ruwan da ke zuwa ƙarshen damina fari ne, na lokacin sanyi kuma baƙi? In tafki ya ja baya, ina ruwan yake tafiya? Mahaifinta ya rasu tana goye, mahaifiyarta Inna Balaraba ta dawo da ita gidan iyayenta, saboda haka duk wannan surutu a kan mutum guda ya ƙare, wato kakanta Surajo.

Surajo masunci ne, dogo siriri, mai rowar magana. Sai ka wuni da shi a bakin ruwa ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Amma a gaban wannan jika ba shi da kataɓus. Yana ce mata Amarya, tana ce masa Tsoho, kullum yana barazanar zai sake ta ya auro wadda ba ta da baki, kullum kuma ita ce zaune a goshin jirginsa tana kwashe masa ruwa da ƙoƙo.

A shekara akwai rana ɗaya da tsohon yake keɓewa. Idan tafki ya kai ƙarshen ja da baya, wajen tsakiyar damina, sai ya yi wanka da hantsi, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tada ɗan injinsa ba taru ba ƙugiya, ya nausa tsakiyar ruwa. Ya yi ta duban gaɓa, ya karkata nan, ya gyara can, har ya kashe inji a inda babu komai sai ruwa gaba da baya. Sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya juyo gida. A ƙarƙashin wannan wuri Gungun Maje yake, tsibirin da aka haife shi, kuma a can aka binne mahaifiyarsa yana ɗan shekara goma sha biyu.

Shekara biyu bayan rasuwarta aka rufe madatsa don samar da wutar lantarki, ruwa ya fara hawa. An kwashe mutane zuwa tudu da awakinsu da tukwanensu, kaburbura kuwa aka bar su inda suke. A kwanakin da kawunan itatuwan tsibirin ke ɗan leƙowa, mahaifin Surajo ya ɗauke shi a kwalekwale, ya tsaya daidai kan maƙabarta, ya koya masa alama irin ta masunta: abu biyu a gaɓa da za su hau layi ɗaya ta wannan gefe, wasu biyu ta wancan gefe, inda layukan suka haɗu nan ne wurinka. Bayan wata uku ko ganye ɗaya ba ya nunawa a saman ruwa.

Masunci kuwa ba ya faɗin alamarsa. Ko ɗan'uwanka ciki ɗaya ba ka gaya masa da wace bishiya kake gane ramin kifinka, in ya tambaya ma ka nuna masa wata. Surajo ya haɗa alamar uwarsa da sauran alamominsa ya rufe a ciki. Duk ƙauye an san yana zuwa, ba wanda ya san da me yake gane wurin. Kuma bai taɓa jefa komai a nan ba, ko taru, ko gorar jin zurfi, ko dutsen tsayar da jirgi. Ya ce a tudu ba a taka kabari, shi ma ba zai taka a ruwa ba.

Nusaiba ta yi firamare a Wara, ta yi sakandare a Yelwa a gidan wata gwaggonta, sannan ta shiga jami'a tana karatun injiniyan muhalli. A ƙauye ba a wahalar da kai da wannan dogon suna ba, an dai ce tana karatun wuta, duk wadda fitilarta ta lalace sai ta ajiye ta har Nusaiba ta zo hutu. Ita ma ta gaji da bayani, ta koma karɓa tana canja batir.

A shekararta ta uku, wani kamfani da ke harkar lantarki ya nemi ɗalibai su yi dogon hutu a sashensa na kula da muhalli, wata biyu cur. Ta cika takarda ba ta sa rai ba, sai ga sunanta. Da ta ji inda aka tura ta sai da ta yi tsalle a tsakar ɗakin kwanan ɗalibai: tafkinsu, ɓangaren Wara, a ƙarƙashin wani Injiniya Ishaya, mutumin Ngaski, mai furfura a gemu da haƙurin koyarwa.

Ranar farko ya shimfiɗa mata aikin a kan tebur. Kogi yana zuwa da laka daga ƙasashe masu nisa, in ya shigo tafki ya lafa sai lakar ta kwanta. Kowace shekara ƙasan tafki yana ɗan tasowa, ruwan da yake iya riƙewa yana raguwa, ruwan nan kuwa shi ke juya injinan wuta. Ana son a san yawan lakar da ta taru tun da aka rufe madatsa. Suna da tsohuwar taswira da aka zana kafin ruwa ya zo, mai nuna tsayin kowane tudu da zurfin kowane kwari. Suna da na'ura mai tura sauti ƙasan ruwa ta auna zurfi, da wata ƙarama mai faɗin inda mutum yake tsaye a lambobi, da wani bututun ƙarfe na ciro laka. In ka cire zurfin yau daga na da, abin da ya rage shi ne lakar.

Matsala ɗaya ce. Layukan tsohuwar taswira ba su zauna daidai da lambobin na'urar zamani ba, sai an samu wurare tabbatattu da ke cikin duka biyun an ɗaure su da juna. A tudu da sauƙi, akwai duwatsu, akwai wani tsohon ginshiƙin siminti na masu safiyo. A tsakiyar ruwa ne babu.

"Yallaɓai, akwai," in ji Nusaiba, tana ɗora yatsa a kan wani ɗan tsibiri a taswirar. "Ga Gungun Maje. Kakana ya san inda yake, ko ido rufe."

Ishaya ya dube ta ta saman tabarau. "Shekara hamsin da shida fa a ƙarƙashin ruwa."

"Duk shekara yana zuwa."

Sai da ta yi kwana uku tana lallashin tsohon. Ya ce baƙo ba zai je ba, ita kaɗai. Ranar ya sa rigarsa ta Juma'a, ita ta sa rigar ruwa mai ruwan lemo da kamfani ya ba ta, ya dube ta sama da ƙasa ya ce ai da ya san haka amaryarsa za ta koma da bai biya sadaki ba. Sun yi kusan awa guda suna tafiya kafin ya kashe inji. Da ya gama addu'a ta fara ɗaura na'urar a gefen jirgi, sai ya riƙe mata hannu.

"Wagga aba, tana taɓa ƙasa?"

"Ba ta taɓawa, Tsoho. Sallama kawai takan yi ta jira amsa."

Ya saki hannun. "To, ta yi sallama. Amma kak ki hwaɗa min nisan. Na hi son in ɗauka kusa take."

Tana cikin rubuta lambobi ya kira sunanta na gaskiya, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana. Ya nuna gabas da haɓa. Can nesa, wata kuka ta zauna cif a gibin duwatsu biyu da ke bayanta. Ya nuna kudu, inda ƙarshen wata jar gaɓa ya rufe bakin wani rafi. Ya ce abin da ubansa ya nuna masa ke nan, kuma ban da ita ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa, ko kakarta da suka yi shekara arba'in tare. Tunda ta zama ma'auniyar ruwa, in ji shi, ya kamata ta sani. Daɗi ya cika Nusaiba har sai da idonta ya kawo ruwa, ta yi kamar iska ce.

Sai ta dubi fuskar na'ura. Mita ashirin da ɗaya. Ta kashe ta kunna, ta sake gwadawa, bai canja ba. A lissafin taswira, da ruwa ya ja baya haka, kan tsibirin bai kamata ya wuce mita shida ba. Ta rubuta ta rufe littafi, ta ce a ranta batir ne ya yi sanyi.

Ba batir ba ne. Washegari a ɗan ofishinsu na Wara ta zuba lambobin a kwamfuta, ta juya su ta kowace fuska, suka ƙi. Laka tana rage zurfi, ba ta ƙara shi, amma ga tsibiri ya nutse da mita goma sha biyar. Ta ce wa Ishaya tsohuwar taswirar ce ba daidai ba, Turawan da suka zana ta ai ba 'yan gari ba ne. Bai yi mata gardama ba. Ya ce ta ajiye wurin kakanta gefe ɗaya, ta ɗaure taswirar da duwatsu da ginshiƙin nan kaɗai, sannan su fita su yanka tafki layi-layi su gani.

Mako biyu suna wannan aiki a jirgin kamfani, suna fita da sassafe su dawo kafin hadarin yamma ya taso. Ta koyi abubuwa da yawa a kwanakin nan: yadda ake gwada na'ura da faranti da igiya kafin a yarda da ita, yadda ake danna bututu a ciro laka ba ta zube ba, yadda ake rubuta lamba a wurin da aka auna ta ba a bari sai an koma gida ba. Rana ta ƙona ta, hannunta ya yi kanta. Komai ya zauna daidai a kan taswira, kowane kwari, kowane tudu. Wurin da kakanta ke tsayawa ya faɗa tsakiyar tsohuwar hanyar kogi, inda tun fil'azal ba a taɓa yin gida ba balle kabari. Gungun Maje kuwa yana can arewa da shi, tazarar kilomita ɗaya da rabi, ƙasa ta taso a fuskar na'ura da siffar tsibirin sak kamar yadda aka zana shi.

"Lambar da ba ki so ba a jefar da ita," Ishaya ya ce mata a hankali. "A nemo dalilinta ake yi."

Ta je nemo dalili. Ranar Asabar ta hau babur zuwa gonakin da ke gindin duwatsun nan biyu, ta sami kukar, ta tsaya a ƙarƙashinta tana kallo. Kuka ce dai, amma ba irin wadda mutum zai ɗauka alama shekara hamsin da wani abu da suka wuce ba, don mutum biyu za su zagaye ta da hannu. Wata tsohuwa mai suna Yasira tana cirar ciyawa a gonar gyaɗa kusa da nan. Bayan sun gaisa Nusaiba ta tambaye ta ko an taɓa yin wata kuka a wajen.

"Babbar kika nuhi? Ai ta daɗe da hwaɗuwa, ɗiyata. Iskan hwarkon damina na yat tuge ta, shekarad da anka yi husuhin rana. Taho ki ga gurbinta."

Ta ja ta arewa, taku ɗari da wani abu, zuwa wani faffaɗan lotsawa da dawa ta rufe. Nusaiba ta tsaya a ciki tana lissafin shekaru. Shekarar husufi kakanta ba ya gida. Bayan rasuwar mahaifinta, da baki ya ƙaru a gidan, ya tafi su ƙasar Kamaru ya yi shekara biyu. Ya dawo ya shiga ruwa ya dubi gabas, ya ga kuka, ya sa ta a gibin dutse. Daga tsakiyar tafki kowace kuka ɗigo ce baƙa. Rabin mutanen yankin sun san babbar ta faɗi, wasu ma sun ɗebi ɓawonta sun yi igiya, amma wa zai je ya gaya wa Surajo, alhali ba wanda ya san tana da wani amfani a wurinsa? Da ya taɓa zura gora sau ɗaya da ya gane. Ladabin da yake yi wa uwarsa ne ya hana shi. Shekara goma sha shida ke nan yana sa rigar Juma'a yana zuwa gaishe da tsohuwar hanyar kogi.

A rahoto abin bai ci layi uku ba: an cire wuri na bakwai saboda alamar da aka dogara da ita a gaɓa ta canja. Wannan rahoto shi ne daga baya aka yaba a jami'a, har aka sa ta karanta shi gaban malamai, shi ne kuma ya buɗe mata ƙofar aikin da take yi yanzu. Har yau in aka yabe shi a gabanta sai ta canja magana.

Nusaiba ta gaya wa Inna kafin kowa, suna tsintar shinkafa a tsakar gida. Inna ta ajiye faifai.

"Ki bar tsoho da abinai," ta ce. "Addu'a ba ta ɓata hanya, Allah ya san inda take kwance. Shekara nawa ar rage mai? Kak ki zan ke ta kika karya mai zuciya."

Nusaiba ta ga gaskiyar Inna, ta ja bakinta. Amma shirun bai zo mata da sauƙi ba, don tsohon ya sami abin alfahari a tsufansa. Mutumin da ba ya magana, sai ga shi a bakin ruwa yana gaya wa masunta cewa wurin uwarsa ya shiga takardar ma'aikata, amaryarsa ce ta rubuta da hannunta. Kullum ta dawo aiki sai ya tambaye ta ko an buga takardar. Sai ta ce masa saura kaɗan.

Saura kwana biyu ta mayar da kayan kamfani ta koma makaranta, ta same shi bayan la'asar a rumfarsa yana ɗinkin wani tsohon taru. Ya ce ta zauna. Ya ce ya yi tunani, ƙarfinsa ya fara ja baya, ita kuma mace ce, aure ko aiki zai ɗauke ta. Jibi zai fita da kawunta Lawali ya nuna masa alamar, in ya so bayan ransa Lawali ya ci gaba da zuwa, shi ma ya nuna wa nasa 'ya'yan.

Nan ne ta kasa. Ta iya barin tsoho ɗaya da kuskurensa, amma ba ta iya zama tana kallo a miƙa shi gado ba.

"Kaka," ta ce. Ya ɗago, don rabon da ta kira shi haka tun tana firamare. "Kukar da kaka dubi ba ita ta ba. Wadda ubanka ya nuna maka ta hwaɗi kana Kamaru."

Ta gaya masa duka, da mita ashirin da ɗaya, da Yasira, da gurbin da dawa ta rufe. Bai katse ta ba. Allurar tarun tana hannunsa, zaren ya saki.

"Injin naku ya san uwata?" ya ce, muryarsa ta yi kauri. "Shi na zai gwada min inda munka binne ta?"

"Bai san ta ba, Kaka. Tsibirin kawai ya gani."

Ya tashi ya shiga ɗaki, bai fito cin tuwo ba. Inna ba ta yi mata faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai kwashe kwanonsa ta rufe da faifai ta ajiye.

Da gari ya waye, bayan ta idar da salla, ta same shi tsaye a ƙofar gida da rigar Juma'a, da jarkar mai a hannu.

"Tashi ki kai ni," ya ce.

Ta zauna a goshin jirgi da ƙaramar na'urar a cinyarta, tana cewa hagu kaɗan, dama kaɗan, shi yana riƙe da inji. Sun wuce inda ya saba tsayawa, bai waiwaya ba. Da suka ƙara tafiya ta lura ya daina jiran ta faɗa, yana karkata jirgin kafin ta buɗe baki. Saura mita ɗari biyu a lissafinta ya rage wuta da kansa. Can gabansu wasu jarkoki ne guda huɗu a jere suna lilo a kan ruwa, kowace da jan ƙyalle a wuya. Duk ƙauye an san mai ɗaura jan ƙyalle a tarunsa.

Lambobin suka cika daidai gefen jarka ta biyu. Ya kashe inji.

"Nan na?"

"Nan na, Kaka."

Ya dubi gabas, ya dubi kudu, ya daɗe yana duba. Sannan ya fara magana a hankali, ba ita yake kallo ba. Ya ce da ya dawo daga Kamaru ya tarar da wannan tudun a ƙarƙashin ruwa arewa da wurin uwarsa, sai ya ɗauka tsibirin maƙwabtansu ne, wanda da ma gonaki ne kawai a kai. Ya gwada taru, kifi ya amsa. Ya yi masa alama tasa daban, bai gaya wa kowa ba. Tun daga lokacin nan ne wurinsa mafi albarka, nan yake zuwa in ko'ina ya ƙi. Jiya da azahar ma ya zo ya saka wannan tarun.

"Kihin da kunka ci ke da uwarki, na nan na," ya ce. "Duwatsun taru nawa niz zuba ma uwata bisa kai, Nusaiba?"

Kuka ya ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi. Ta yi nadama a wannan lokaci, nadama ta gaske, ta so a ce ba ta taɓa cika takardar kamfanin nan ba.

Ya naɗe hannun rigarsa ya jawo jarka ta farko. Ta matso za ta kama masa, ya girgiza kai. Shi kaɗai ya ja tarun, gaba bayan gaba, rigar Juma'a tana jiƙewa har ƙirji. Ga ƙarfasa, ga ragon ruwa, suna faɗowa cikin jirgi suna tsalle, ko kallonsu bai yi ba. Duk dutsen da ya zo kansa ba ya fizga kamar yadda ya saba, sai ya ɗago shi sannu da hannu biyu ya ajiye a gefe.

Dutse na ƙarshe, babban da ke riƙe bakin taru, ya fito da laka a manne a gindinsa, baƙa mai santsi. Ya zauna da shi a cinya. Ya sa yatsa ya kankare lakar zuwa tafin hannunsa, ya murza, ya kai hanci. Fuskarsa ta saki a karo na farko tun jiya.

"Ƙasag gidanmu ta," ya ce. "Rabona da in taɓa ta tun ina ɗan sha huɗu."

Nusaiba ta san wannan lakar. Kwana tara da suka wuce ita da kanta ta danna bututu a kan tudun nan, ta auna, ta rubuta: kusan mita guda na sabuwar laka, wadda kogi ya kwaso daga ƙasashen da kakanta bai taɓa takawa ba, ta kwanta a kan tsibirin bayan ruwa ya rufe shi. Ƙasar Gungun Maje tana can ƙasa da ita, ba dutsen tarun da zai kai gare ta.

Ya miƙo mata tafin hannun. "Taɓa ki ji, Amarya. Kakanninki sun taka ta."

Ta sa yatsu biyu ta taɓa.

"Na ji, Kaka," ta ce.

Ya cire hularsa ya zuba lakar a ciki, ya ninke ta da kyau ya ɗora a cinya. Sannan ya ɗaga hannuwansa masu laka ya fara addu'a, kai ba hula, ita ma ta ɗaga nata.